Shirun Emiliya: Kundin Aikinmu a Kan Wasan Otelo

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau ƙungiyarmu ta masu nazarin adabi ta tsayar da aikin da za ta yi daga nan zuwa azumi. Za mu bi wasan Otelo na Shekspiya fitowa bayan fitowa, mu fitar da ɗan littafin nazari da Hausa a kan taurarinsa. Waɗanda muke yi dominsu su ne ɗaliban da ake miƙa wa wasan da Turancin shekara 400 da suka wuce, su haddace sunaye da jigogi, su rubuta jarrabawa, su fito wasan bai taɓa musu zuciya ba. Bayan Sallah, in Allah ya kai mu, muna so mu ɗora fitowa biyu ko uku a dandamali.

Sharaɗi ɗaya na kafa. Ba wanda zai ce wane mugu ne, wance ta kirki ce, sai ya nuna mana fitowar da abin ya faru da kuma waɗanda ke tsaye a wurin. A ƙagaggen labari marubuci kan buɗe maka zuciyar tauraro ka leƙa. A wasan kwaikwayo kuwa abin da ke hannunka shi ne magana, da shiga, da fita. Saboda haka muka manna babban kwali a jikin allo, muka ja layuka 15 domin fitowa 15 da ke cikin kashi 5 na wasan, kowane tauraro da gidansa. Abu biyu za a riƙa rubutawa a kowane gida: yana wurin ko ba ya nan, sannan me kunnensa ya ji.

Share fagen da na yi kaɗan ne. An rubuta wasan wajen 1603 zuwa 1604, an kuma yi shi a fadar Sarki James na Ingila ranar 1 ga Nuwamba, 1604. Asalin labarin daga tarin labaran wani marubucin Italiya ne, Cintiyo, wanda aka buga a 1565. Na ce su bar wannan a gefe, za mu buƙace shi nan gaba.

Asabar, 18 ga Janairu

Kashi na ɗaya, dukansa a birnin Benis, dukansa da dare.

Wani ɗan aji shida ne ya fara tsinto abin da na so a tsinto. Yana cike gidajen kwali sai ya ɗago ya ce, “Malam, ai a fitowa ta farko ba wanda ya kira sunan Otelo.” Haka ne. Iyago, mai riƙe wa Otelo tuta a soja, da Rodarigo, wanda ya nemi auren amaryar bai samu ba, sun tsaya a ƙofar gidan Barabanshiyo cikin duhu suna kwarmata masa cewa 'yarsa Dasdimona ta gudu ta yi aure, kuma duk tsawon fitowar da launin fatarsa da kaurin leɓensa suke kiran angon, suna kamanta shi da tsohon baƙin rago da doki. Sai a fitowa ta uku sunansa ya fito, daga bakin shugaban Benis, a lokacin da ake neman wanda zai tare jiragen ruwan Turkawa da suka doshi tsibirin Kubrus. Wato a titi ba shi da suna, a majalisa kuwa da yaƙi ya taso yana da shi. Mun rubuta wannan a saman gidansa.

Mutumin da ya fito a fitowa ta biyu bai yi kama da wanda aka zaga ba ko kusa. An zare takubba a kansa, ya ce a mayar da su kube kada raɓa ta sa su tsatsa, kowa kuma ya mayar. A gaban majalisa da aka ce asiri ya yi wa yarinyar, bai ɗaga murya ba. Ya ce uban ne da kansa yake gayyatarsa gida yana sa shi ba da labarin rayuwarsa: yadda ya shiga fagen yaƙi tun yana shekara 7, yadda aka kama shi aka sayar bawa, yadda aka fanshe shi. Yarinya tana aikin gida tana leƙowa tana saurare. Asirin ke nan.

Dasdimona ce ta ba mutane mamaki. Yawancin yaran sun zo da hoton wata marainiyar Allah mai sunkuyar da kai. Sai ga ta a gaban dattawan gari tana gaya wa mahaifinta cewa ta san haƙƙinsa, amma yadda mahaifiyarta ta fifita shi a kan nata uban, haka ita ma za ta fifita mijinta. Ita ce kuma ta roƙi a bar ta ta bi shi filin daga. Na jaddada wannan sosai, domin in ba a ga ƙarfin halinta a nan ba, ba za a ji nauyin yadda muryarta ke dusashewa a kashi na huɗu ba.

Abu biyu muka sa wa jan alli. Na farko, maganar da uban ya jefa wa Otelo yana fita, cewa ya sa mata ido, wadda ta yaudari ubanta za ta iya yaudarar miji. Iyago yana tsaye, ya ji. Na biyu, Otelo ya ce matar Iyago ta riƙa yi wa amarya hidima. Ba ta fito ba tukuna, ko sunanta ba a ambata ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Karatun dare a gida, domin babin share fage. Tambayar da aka yi ta yi mini ita ce mutumin ina ne Otelo. Wasan ya ce shi jinin sarauta ne, baƙar fata, ya kuma karɓi Kiristanci, bai wuce nan ba. Amma Landan ta 1600 ta san mutanen Afirka ta Arewa. A shekarar ce jakadan Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya zo wurin Sarauniya Elizabeth ya yi watanni, kuma wannan sarkin ne dakarunsa suka karya daular Songhai a 1591. A 1600 ɗin ce kuma John Pory ya fassara zuwa Turanci littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, mutumin da aka haifa a Garanada, ya tashi a Fas, aka kama shi a teku aka kai shi wurin Paparoma. Masana da dama na ganin Shekspiya ya san littafin, domin rayuwar marubucinsa ta yi kama da wadda Otelo ya ba da labari. A cikin littafin nan akwai bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Zan sa wannan a sakin layi ɗaya kawai. Yana da daɗin sani, amma ba shi ne aikin ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Makon jiya ba mu zauna ba saboda ɗaurin auren ɗaya daga cikinmu. Yau mun gama kashi na biyu da sauri.

Guguwa ta tarwatsa jiragen Turkawa kafin a harba ko kibiya ɗaya, sai ga sojoji a tsibiri ba yaƙi, ga janar da amarya. Iyago ya ɗura wa Kasiyo giya, rigima ta tashi, Kasiyo ya ji wa Montano, tsohon gwamnan tsibirin, rauni, Otelo ya tuɓe shi daga muƙamin mataimakinsa, muƙamin da Iyago ya ce tun farko shi ya cancance shi. Sai Iyago ya ba Kasiyo shawarar ya kama ƙafa da Dasdimona.

An ɗauki lokaci ana muhawara kan dalilin Iyago. Ya ce an tsallake shi a ƙarin girma. Ya ce ana raɗe-raɗin Otelo ya nemi matarsa, ya kuma ce bai tabbatar ba amma zai ɗauka haka ne. Can kuma ya ce Kasiyo ma yana zarginsa. Na ce su rubuta duka, kada su zaɓi ɗaya. Mutumin da ke sauya dalili duk lokacin da ya keɓe, wannan sauyin shi ne halinsa.

Emiliya, matar Iyago, ta fito a bakin tashar jirgin ruwa. Mijinta ya tsaya a gaban mutane yana cewa ta cika surutu, alhali duk abin da ta faɗa a fitowar bai wuce layi biyu zuwa uku ba, har Dasdimona ta ce baiwar Allah ko magana ba ta yi. Hajiya, wadda ita ce babba a cikinmu, tsohuwar malamar firamare, ta ce a rubuta wannan da manyan baƙi. Ba ta faɗi dalili ba. An rubuta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kashi na uku, fitowa ta uku. Ita ce mafi tsawo a wasan, ta haura layi 450. Otelo ya shige ta yana mai son matarsa, ya fita yana durƙushe yana rantsuwar kashe ta. Mun raba ta gida-gida muka karanta da murya, mutum biyu a tsaye.

Da aka karanta da murya ne aka ji yadda Iyago ke aiki. A rabin farko kusan bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ya ga Kasiyo ya sulale, ya yi guna-guni cewa abin bai yi masa daɗi ba. An tambaye shi me ya ce, ya ce ba komai. Ya tambaya ko Kasiyo ya san da neman auren tun farko. Daga nan duk kalmar da Otelo ya faɗa sai ya maimaita ta da sigar tambaya ya yi shiru, har Otelo ya ce mutumin nan kamar akwai wani dodo a cikin tunaninsa da yake tsoron nunawa. Yaron da ya karanta Iyago da farko ya yi ta murmushin mugunta yana kallon gefe. Na tsayar da shi. Kowa a wasan nan yana kiran Iyago mai gaskiya, har wanda ya sa aka tuɓe. In mu 'yan kallo muna ganin muguntar a fuskarsa, to Otelo ya zama wawa, in kuwa Otelo wawa ne ba sauran wasa. Na ce ya karanta kamar aminin da ake tatsar magana daga bakinsa ba ya so. Da ya sake, ajin ya yi tsit.

Inda wuƙar ta shiga sosai shi ne inda Iyago ya ce shi ɗan ƙasa ne, ya san halin matan Benis. Otelo ya san yaƙi, ya san sansani, amma a cikin gidajen birnin baƙo ne, kuma ya san shi baƙo ne. Da ɗan gari akan ci gari, Iyago kuwa shi ne ɗan garin da ya dogara da shi. Nan take Iyago ya ɗauko maganar uban da muka sa wa jan alli ya ajiye masa. Daga nan Otelo da kansa ya ci gaba da aikin: ko don shi baƙi ne, ko don bai iya zaƙin bakin 'yan birni ba, ko don shekaru sun fara ja. Ba Iyago ne ya ƙirƙiri waɗannan raunuka ba. Tun fitowa ta farko garin ke faɗa masa su.

Wata ɗaliba ta ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne mu a nan cewa muke kishi kumallon mata, amma a wasan nan maza ne kumallon ya kama: Otelo, Iyago, Rodarigo. Mace ɗaya ce ta nuna kishi, Biyanka budurwar Kasiyo, ita kuwa ba ta kashe kowa ba. Na ce ta rubuta shafi ɗaya a kai, zai shiga littafin da sunanta.

Sai hankici. Hajiya ta zo da wani fari mai jan surfani a gefe, muka yi amfani da shi. Otelo ya ce kansa na ciwo, Dasdimona ta ciro shi za ta ɗaure masa, ya ture ya ce ya yi ƙanƙanta, ya faɗi, suka fita. Mun gwada ta hanyoyi daban-daban, kuma duk yadda aka yi abu ɗaya ke fitowa: hannun Otelo ne ya yar da shi, a lokacin da matarsa ke ƙoƙarin yi masa jinya, shi ne kuma ya ce a bar shi. Emiliya ta tsinta. Ta ce shi ne kyautarsa ta farko ga uwar ɗakinta, mijinta ya sha matsa mata ta sato shi, abin da zai yi da shi Allah ne masani, ita dai faranta masa take so. Niyyarta ta sa a kwafi surfanin. Iyago ya shigo ya karɓe. Ta ce in ba wani muhimmin abu zai yi da shi ba ya dawo mata da shi, don baiwar Allah za ta haukace in ta neme shi ta rasa. Ya ce ta yi kamar ba ta san zancen ba, ta tafi. Ta tafi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau an yi zafi, kuma a nan aikin ya sauya hanya.

A fitowa ta huɗu Dasdimona ta tambayi Emiliya ko ina ta yar da hankicin. Emiliya ta ce ba ta sani ba. Layi ɗaya ne tak. Otelo ya shigo ya nemi hankicin, ya ba da labarin cewa wata 'yar bori ta Masar ce ta ba mahaifiyarsa, muddin yana hannunta miji zai so ta, in ya ɓata ƙiyayya za ta biyo. Dasdimona ta tsorata ta ce bai ɓata ba. Ya yi ta nanata a kawo hankici, ita kuma ta yi ta nanata zancen Kasiyo, ya fita a fusace. Duk wannan Emiliya na tsaye.

Samarin suka ce an gama, ita ma tana da hannu. Kalma ɗaya daga bakinta da ta ceci rai. Ɗaya ya ce, “Malam, ai da ganin haka ko yaro ya san akwai matsala.” Ban musa masa ba, domin ba ƙaramin abu ba ne ta yi. Ƙarya ce, ta kuma yi ta ga matar da ta amince da ita.

Hajiya ta bari suka gama. Sannan ta ce, “'Ya'yana, ku duba kwalinku. Wa ya shigo bayan Otelo ya fita?” Aka duba. Iyago ne, tare da Kasiyo, yana tambaya wai ko ran maigida ya ɓaci. Ta ce matar da mijinta ya yi wa tsawa a gaban baƙi tun ranar da ta sauka a garin, ya kuma ce mata ta rufe bakinta a kan abin nan, yanzu ga shi tsaye a gabanta, so kuke ta ce shi ta ba? In ta faɗa ta tona asirin mijinta, ta tona nata, a garin da ba ta da uwa ba ta da uba, sai barikin soja. Ta ce ita ta ga mata da yawa da suka san rabin magana suka haɗiye, ba don ba su da tausayi ba, sai don suna ganin abin zai wuce, gobe a nemo wata dabara. Ba wanda ya ba ta amsa.

Ni abin da na ƙara shi ne maganar da Emiliya ta yi nan take bayan fitar Otelo, cewa maza ciki ne mata abinci, su ci da yunwa, in sun ƙoshi su amayar. Wadda ta faɗi haka ba sakarai ba ce. Ta san maza, ta san kishi, har ta ce mai kishi ba ya buƙatar dalili. Kuma wannan sanin ne ya rufe mata ido. Tun da a wurinta haka maza suke, fushin Otelo bai zama mata alamar wani shiri ba. Ta ɗauke shi irin wanda ta saba gani a ɗakinta.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na ɗauko kwalin na zo da shi gida, na bi layin Emiliya daga sama har ƙasa, na bi kuma duk inda aka ambaci hankici.

Lokacin da Iyago ya ce ya ga Kasiyo na goge gemu da shi, ba ta nan. Lokacin da Kasiyo ya tsince shi a ɗakinsa ya ba Biyanka ta kwafi surfanin, ta riga ta fita. A kashi na huɗu da Otelo ya laɓe ya ga Biyanka ta jefa wa Kasiyo shi, ba ta nan. A fitowa ta biyu ta kashi na huɗu, inda Otelo ya titsiye ta da tambayoyi ta rantse da ranta cewa uwar ɗakinta mai tsarki ce, inda kuma ya kira matarsa karuwa, ko sau ɗaya bai ambaci hankici ba, bai kuma gaya wa Dasdimona da wa ake zarginta ba. A ɗakin kwana da ya faɗa wa Dasdimona ƙarara cewa ta ba Kasiyo hankicin, Emiliya tana waje. Wato tun daga fitowa ta huɗu ta kashi na uku ba a sake ambaton abin nan a kunnenta ba sai bayan an yi kisan. Ta san ɓatansa ya fusata shi. Ba ta taɓa jin cewa shi ne hujjar zina ba.

Na koma ga Cintiyo. A wurinsa mai riƙe da tutar, wato Iyagon labarin, shi ne ya saci hankicin da hannunsa, lokacin da matar janar ke ɗauke da 'yar shi mai tutar ƙarama. Matarsa kuwa ta san duk shirin daga farko, tsoron miji ya hana ta magana. Shekspiya ya juya abin: ya sa hankicin a hannun matar, ya ɗauke mata sanin shirin. Ya ba ta laifi, ya hana ta ganin girmansa, ya kuma tsara shiga da fita yadda ba za ta gani ba sai a makare. Wannan da gangan ne, ga shi a kwali baƙi da fari.

Yanzu na fahimci dalilin da ya sa wani wuri a kashi na huɗu ke tayar mini da tsigar jiki duk lokacin da na karanta shi. Emiliya ta ce a rataye ta in ba wani la'ananne ne mai neman muƙami ya ƙulla wannan ƙazafi ba. Ta zana mijinta tsaf, yana tsaye kusa da ita yana cewa ba irin wannan mutum a duniya, ta rage murya. Ta ga komai ban da fuskar.

Na yanke shawarar babin Emiliya ya zama tsakiyar littafin. Littattafan taimakon jarrabawa da na gani sukan ba ta sakin layi ɗaya a cikin ƙananan taurari. Wannan bai yi mata adalci ba, bai kuma yi wa wasan ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ƙarshen kashi na huɗu da kashi na biyar.

Fitowar da Emiliya ke kwance wa Dasdimona kaya kafin ta kwanta ita kaɗai ce mata biyu suka samu natsuwa su yi hira ba namiji a kansu. Dasdimona ta tuna wata baiwar mahaifiyarta da ta mutu tana rera wata tsohuwar waƙa, ta rera. Emiliya ta ce in mata sun kauce laifin mazansu ne, masu tauye haƙƙi da duka da kishin banza, kuma mata ma suna da ido da hanci da ɗanɗano kamar maza. Na gaya musu cewa wasan ya zo mana a bugu biyu, na 1622 da na 1623, kuma waƙar da wannan jawabi suna cikin layuka kusan 160 da ke cikin na biyun kaɗai. Duk wanda zai koyar da wasan ya duba wanne ke hannunsa, domin in babu jawabin nan an rage Emiliya da yawa. Mu na 1623 muke bi.

Ba mu wanke ta ba. A fitowar da aka sari Kasiyo, Iyago ya ɗora laifi a kan Biyanka, Emiliya kuwa ta taya shi, ta kira ta da sunan da aka kira uwar ɗakinta da shi ɗazu ta yi ta kumfar baki. Biyanka ta ce mata ita ma mai mutunci ce kamar ta. Ɗalibar nan ta ce ashe ciwon 'ya mace ba kullum ne na 'ya mace ba. Wannan ma zai shiga babin.

Fitowa ta ƙarshe Hajiya ce ta karanta Emiliya. Otelo ya ce mijinki ne ya gaya mini. Ta ce, mijina? Ya sake faɗa, ta sake tambaya, har ya ƙosa. Hajiya ba ta ɗaga murya a na farko ba, kamar wadda ba ta ji da kyau ba ta faɗe shi. A na gaba ta kalli gadon. Sai a na ƙarshe muryar ta fashe. Matar da aka ce ba ta magana ta tsaya gaban janar mai takobi ta kira shi jahili, ta yi kururuwa har mutane suka taru. Iyago ya ce ta wuce gida. Ta ce ya dace ta bi umarninsa, amma ba yanzu ba, wataƙila ma ba za ta sake komawa gida ba. Duk wannan kafin a ambaci hankici. Da Otelo ya ambace shi, sai guntun da ya rage mata ya faɗa wurinsa, ta faɗi gaskiya duka, har da nata hannun: tsintarsa ta yi, ta ba mijinta. Iyago ya soke ta. Ta ce a kwantar da ita kusa da uwar ɗakinta. Daga nan shi kuma, mutumin da ya fi kowa yawan magana a wasan, ya ce ba zai sake furta kalma ba.

Jawabin Otelo na ƙarshe ya tsaya mana a rai. Ya tuna yadda ya taɓa kashe wani Baturke mai rawani a Halab don ya zagi Benis, ya kwatanta yadda ya soke shi, ya soki kansa. Wasu daga cikinmu sun ji zafin zagin da ya yi wa mutumin nan, kuma suna da gaskiya su ji. Ba za mu ɓoye shi a littafin ba. Za mu nuna cewa a wannan lokaci Otelo ya zama mutum biyu, sojan Benis da kuma baƙon da Benis ke tsoro, na farkon ya kashe na biyun. Ya mutu yana kallon kansa da idon waɗanda suka tsaya a ƙofar Barabanshiyo.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Inda aiki ya tsaya kafin azumi: babin share fage da na Otelo sun kammala. Na Iyago yana hannun samari biyu, na ce su rage yawan kiransa shaiɗan su ƙara misalai daga fitowa ta uku. Na Dasdimona bai gamsar da ni ba tukuna. Mun bayyana ƙarfin halinta a majalisa, amma ba mu yi bayanin ƙaryarta biyu ba, wadda ta ce hankici bai ɓata ba da wadda ta yi da numfashinta na ƙarshe cewa ita ta kashe kanta. Sai an sake zama a kansa. Babin Emiliya ni da Hajiya za mu rubuta, ta ce in kawo mata daftarin gida bayan an sha ruwa a makon farko.

Fitowar da za a ɗora a dandamali: ta uku da ta huɗu na kashi na uku a haɗe, sai ta ƙarshe. A ta huɗun mun shirya Emiliya ta tsaya a gaba, gefen hagu, inda 'yan kallo za su ga fuskarta duk lokacin da Otelo ke neman hankicin, Iyago kuma ya shigo ta bayanta. Akwai sauran neman gado mai sauƙin ɗauka da fitila, da wanda zai buga mana kwalin a kwamfuta don ya shiga shafin tsakiya na littafin. Zama na gaba Asabar ta biyu bayan Sallah.